Gyara da Fentin Bangon Tsohon Gida Mai Takardar Shimfiɗa

A tsofaffin gidaje da yawa, musamman waɗanda aka yi wa filastar farar ƙasa, in ka kankare fenti kaɗan za ka tarar ba a kan filasta aka shafa shi ba, a kan takarda ne. Farar takarda ce mai kauri, ba zane ba ado, wadda ake manna wa bango da gam don ta rufe ƙananan tsage da tabon gyare-gyaren baya, sannan a yi fenti a kanta. Ita ce takardar shimfiɗa. Tana da amfani ƙwarai, amma tana da iyaka. Tsaga siririya da ƙarzuwa da ƙananan ramuka duk tana ɓoye su, sai dai ba ta miƙe bangon da ya yi tudu da kwari. Duk inda filasta ta lanƙwasa, ita ma nan take lanƙwasawa. Shi kuwa fenti launi kawai yake sauyawa, in ma an yi rashin sa'a da zaɓi sai ya ƙara tona asirin bangon.

Don haka kafin a taɓa gwangwanin fenti, sai an san abu biyu: takardar tana riƙe da bango ko ta saki, kuma wane karkacewa ne za a gyara, wane ne za a ƙyale.

A fara da tocila da fensir

Ka jira magariba ko ka rufe labule, ka kashe fitilar ɗakin. Ka kwantar da tocila a jikin bango yadda haskenta zai bi fuskar bangon a kwance. Duk wani tudu, rami, bororo da bakin takardar da ya ɗago zai fito da inuwarsa. Ka kewaye kowanne da fensir. Kada ka yi amfani da biro ko maka, tawadarsu tana hudowa ta cikin fentin ruwa ko shafi nawa ka yi.

Bayan haka ka bi bangon da bayan yatsa kana ƙwanƙwasawa. Filastar da ke manne da bulo ƙararta a dunƙule take. Wadda ta rabu da bulo ko da katakon da ke bayanta tana amsawa kamar ganga. Wurin da bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma ba ya motsi in ka danna, ana iya barinsa. Wanda ke lotsawa ƙarƙashin yatsa ko kake jin yashi na zuba a bayansa, takardar ce kaɗai ke riƙe da shi, kuma nauyin jiƙaƙƙen fenti na iya ƙarasa shi. Wannan sai an yanke takardar, an fasa filastar da ta mutu, an sake yi.

Sai ka ɗauki miƙaƙƙen katako ko ƙarfen almini mai tsawon kamar mita 2, ka dafa shi a bango a tsaye, a kwance, da kuma a karkace. Ratar da ke tsakaninsa da bango ita za ta gaya maka irin aikin da ke gabanka. Kwarin da zurfinsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba ana iya cike shi a kan takardar. Wanda ya kai milimita 5 ko 6 kuma yana da faɗi, kada a ɗora wa takarda wannan nauyi. A cire ta a wurin a gyara filastar kanta. Shi kuwa lanƙwasar da ke tafiya a hankali tsawon mita ɗaya ko biyu, shawararmu a bar shi. Ido ba ya kama lanƙwasa mai laushi, abin da yake kamawa shi ne gefe mai kaifi: bakin gaɓa (inda yankunan takarda biyu suka haɗu), bakin fila (kwaɓin da ake cike tsaga da ramuka da shi), bakin tsohon fentin da ya ɓalle. Wanda ya kashe ƙarfinsa wajen kawar da waɗannan gefuna ya fi wanda ya dage sai ya mai da bangon shekara ɗari ya zama sabo.

Gwajin ƙarshe na riƙon takarda ne. Ka zaɓi wuri a bayan ƙofa ko inda kabad zai tsaya, ka shafa fentin da za ka yi amfani da shi a fili kamar santimita 50 kowane gefe, ka tabbatar ya haɗa da gaɓa ɗaya. Ka bar shi ya kwana. In da safe takardar na kwance lafiya, gam ɗin baya yana da rai. In ta kumbura ta ƙi komawa, ko gaɓar ta buɗe baki, to haka bangon gaba ɗaya zai yi. A wannan hali cire takardar ya fi sauƙi a kan lallaɓa ta.

Abubuwa biyu da ba a gogewa da ka

Tsohon fentin mai da ke kan ƙofofi, tagogi da katakon gindin bango yana iya ƙunsar dalma, kuma wani lokaci akwai shi a ƙarƙashin takardar ma. Amurka ta hana fentin dalma a gidajen zama a 1978, Birtaniya ta hana sayar da shi ga jama'a a 1992, wasu ƙasashen kuwa sun yi jinkiri fiye da haka. Ƙurarsa guba ce, ta fi illa ga ƙananan yara da mata masu ciki. Akwai ƙananan kayan gwaji da ke sauya launi in sun taɓa dalma. In gwaji ya nuna akwai, ba a goge shi a bushe, ba a kuma ƙona shi da wuta. Ana jiƙa sanfefa mai jure ruwa a goga a hankali, a share da jiƙaƙƙen tsumma, ko a rufe shi da sabon fenti in bai ɓalle ba.

Na biyu asbesto ne, wani ma'adini mai zare-zare da shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu. Shafe-shafen ado masu ƙurji da ake yi wa silin da bango, irin su Artex, sun ƙunshi asbesto har zuwa tsakiyar shekarun 1980, kuma sai a 1999 Birtaniya ta haramta shi baki ɗaya. In ka ɗaga takarda ka ga irin wannan shafi a ƙasa, ka tsaya, a kai samfuri ɗakin gwaji kafin a kankare ko a goge.

Danshi

Takardar da ta yi baƙi-baƙi a kusurwa, ko ta yi tabo ruwan ƙasa mai zagaye, ko take ɓarewa daga ƙasa zuwa kamar mita ɗaya, ruwa ne ya taɓa ta. A nemo ta inda yake shigowa: indararon da ya toshe, famfon da ke ɗiga cikin bango, tsagar waje, ƙasar da ta taru ta haura gindin gini, ko tururin ɗaki da ke taruwa a kan bango mai sanyi. Sai an toshe hanyar, bango ya bushe, sannan a yi maganar fenti, kuma bango mai kauri yana ɗaukar makonni ko watanni. Gam ɗin takarda galibi na sitaci ne, abincin fumfuna kenan, saboda haka takardar da fumfuna ta ci ba a wanke ta a bar ta. A cire ta har a wuce bakin tabon da kamar santimita 30, a wanke filastar da maganin fumfuna, a bari ta bushe.

Bororo da gaɓoɓi

Kafin gyara, a kashe wutar ɗakin daga babban makunni, a sassauta murfin soket da na makunnai, a shimfiɗa leda ko tsohon zane a ƙasa. A share bangon daga ƙura da yana. In akwai maiƙo ko dattin hannu, a goge da soso da aka matse sosai a ruwan sabulun wanke bango, a bi da ruwa mai tsabta. A matse soson da gaske. Jiƙa takarda shi ne abin da ake gudu tun daga nan har ƙarshen aiki.

Ƙaramin bororo, wanda bai wuce faɗin kwabo ba, sirinji ya ishe shi. A huda, a tura gam kaɗan, a jira minti biyu ko uku takardar ta yi laushi, a danna daga gefe zuwa wajen hudar don iska da rarar gam su fita. Babba kuma a tsaga shi da sabuwar reza a gicciye, a ɗaga kunnuwan huɗu, a duba abin da ke ciki. Sau da yawa za ka tarar da ɗan dutse ko busasshen gam, a cire shi. A shafa gam da ƙaramin burushi a bango da bayan takardar, a ba shi minti biyar, a mayar, a bi da ƙaramar rolar gaɓa. Rarar gam da ta fito a goge ta nan take da soso mai ɗan danshi, domin gam ɗin da ya bushe a fuskar takarda yana sa fenti ya tsattsage a kansa.

In ka ɗaga takarda ka ga bangon da ke ƙasa yana barin farin gari a yatsa, kuma yana narkewa in ka shafa masa ruwa, tsohon fentin alli ne da aka haɗa da gam. Babu abin da ke kama shi, shi ya sa takardar ta saki. Sai an wanke shi da ruwan ɗumi har soso ya daina fitowa fari, a shafa ruwan da ake sayarwa don ɗaure garin bango, sannan a manna.

Gaɓoɓi iri uku ne ke ba da wahala. Wadda bakinta ya ɗago, a zura gam mai ƙarfi na gaɓa a ƙarƙashinta da siririn burushi, a danna. In takardar ta ƙage saboda tsohon fenti, a ɗan jiƙa bayanta ta yi laushi tukuna, in ba haka ba za ta karye. Wadda ta buɗe ta bar rata, a cike ta da fila mai laushi, ana jan wuƙar a gicciye don filar ta shiga ciki, sannan a bi tsawonta sau ɗaya a kwashe rara. Filar tana ɗan shigewa in ta bushe, sai a ƙara shafi na biyu. Kada a cike gaɓar tsakiyar bango da mannen bututu, wato manne mai laushi da ake matsowa daga bututu don cike kusurwa: ba ya goguwa da sanfefa, yana janyewa, kuma layinsa zai fito a ƙarƙashin fenti har abada.

Ta ukun ita ce wadda aka ɗora baki kan baki, ta yi tudu daga sama har ƙasa. Goge ta da sanfefa ɓata lokaci ne, takardar za ta yi gashi kawai. A dafa miƙaƙƙen ƙarfe a tsakiyar inda suka hau juna, a yanka duka biyun da reza mai kaifi a ja ɗaya, a cire siririn da ke sama, a ɗaga baki a zare na ƙasa, a sa gam a mayar. Bakunan biyu za su haɗu daidai. A riƙa sabunta bakin reza bayan kowace gaɓa ko biyu, dakusasshiyar reza yaga take yi. Haka ake yin faci ma: a ɗora sabon yanki mai kauri iri ɗaya a kan wurin da ya lalace, a yanka su tare, a cire tsohon, a manna sabon a gurbinsa.

Cike kwari da gogewa

Nan ne aka fi yin kuskure. Fila ruwa ce da gari, in ka shafa ta da faɗi a kan takarda tsirara ko wadda ta yage, ruwan zai ratsa ya tayar da bororo a ƙarƙashin gyaran da ka yi. Saboda haka duk inda takarda ta yage, ko ta yi gashi, ko za a shimfiɗa mata fila mai faɗi, a fara rufe ta da abin da ke hana ruwa shiga. Wani ruwan shafawa mai suna Zinsser Gardz an yi shi ne don irin wannan, yana shiga takardar ya ƙagar da ita. Fentin share fage, wanda ake fara shafawa kafin ainihin fenti, shi ma yana yi, na mai ko na shelak (wani irin ƙaro da ake narkarwa a sifirit). Farin gam na kafinta da wasu ke tsinkawa da ruwa su shafa, mu ba ma ba da shawararsa: yana yin fata mai santsi a sama, fentin ruwa ya zauna a kanta bai kama ba, kuma danshi na sake narkar da shi.

Fila iri biyu ce za ka buƙata. Ta gari, wadda ake kwaɓawa, tana ƙagewa da ƙarfi kuma ba ta janyewa sosai, ita ce ta ramuka da wurare masu zurfi. A zuba ruwa a kwano tukuna sannan a barbaɗa gari, a kwaɓa abin da za a iya gamawa cikin minti 20 zuwa 30. In ta fara ƙagewa a kwano a zubar, ƙara mata ruwa kashe ƙarfinta yake yi. Ta biyun ita ce kwaɓaɓɓiya mai laushi ta gamawa, wadda ake shafawa siririya kuma take goguwa cikin sauƙi.

Ga kwari mai faɗi, wuƙar fila ta santimita 25 ko 30 ake so, ƙaramar wuƙa bin kwarin take yi maimakon ta haye shi. A shafa a tsakiya, a ja zuwa waje ana ƙara danna wuƙar har filar ta ƙare a sifili. Kwarin milimita 3 yana son a baje filarsa ta wuce bakinsa da santimita 20 zuwa 30 kowane gefe. Shafi biyu ko uku sirara sun fi ɗaya mai kauri, kuma kowanne sai ya bushe har ciki. Tsakanin shafi da shafi a kankare ƙananan layukan da wuƙa ta bari da bakin wuƙar kanta, ba sai an goge ba.

Tudu kuwa ba a cin sa da sanfefa ta kan takarda. In ƙarami ne a baje fila a kewayensa har ya ɓace cikin gangare mai laushi. In babba ne a yanke takardar, a sassaƙe tudun, a cike, a yi faci.

Wajen gogewa, a naɗe sanfefa a kan katako mai faɗi ko a sa ta a marikin gogewa. Yatsu suna haƙa ramuka. Sanfefa mai lamba 120 don rage tudun fila, lamba 180 ko 220 don gamawa. Filar ake gogewa, da zarar ka ji ka taɓa takarda ka dakata. In ta riga ta yi gashi, a shafa mata abin rufewar nan, ya bushe, sannan a bi da lamba 220 a hankali, gashin zai karye ya kwanta. A sa takunkumin ƙura. Bayan an gama a share bango da burushi mai laushi ko injin zuƙe ƙura, a sake kashe fitila a dawo da tocila. Za ka ga abin da ya rage, kuma kusan kullum akwai. Tafin hannu ma alƙali ne: gefen da hannu ya ji, ido zai gan shi bayan fenti.

Kusurwoyi, da inda bango ya haɗu da katakon gindi ko firam ɗin ƙofa, nan ne wurin mannen bututu, domin wuraren suna motsi kuma fila tsagewa take yi. A yanka bakin bututun siriri, a ja layi, a bi da jiƙaƙƙen yatsa. Ko da an rubuta cewa yana karɓar fenti bayan awa ɗaya, a bar shi ya kwana. Fenti marar sheƙi yana yawan tsattsagewa a kan mannen da bai gama janyewa ba.

In ya zama dole a sake takarda

Takardar shimfiɗa tana da lambobin kauri: 800, 1000, 1200, 1400, 1700 da 2000. Ga tsohon bango mai tabo, 1400 ita ce tsaka-tsaki mai kyau. 1700 da 2000 sun fi ɓoyewa amma suna da taurin kai a kusurwa kuma gaɓarsu ta fi fitowa. Naɗi ɗaya da aka saba faɗinsa santimita 56 ne, tsawonsa mita 10. A wanke tsohon gam daga bango, a cike ramuka, a shafa wa bangon tsinkakken gam ya bushe don kada filasta ta shanye na takardar. Bayan an shafa wa kowane yanki gam, a ninke shi a bar shi ya jiƙa gwargwadon abin da aka rubuta a naɗin, galibi minti 10 zuwa 15 ga masu kauri, kuma kowane yanki ya sami lokaci iri ɗaya. Takarda tana buɗewa in ta sha ruwa. Wadda aka manna kafin ta gama buɗewa a bango za ta ƙarasa, nan ne bororo da tattara ke fitowa. A ja layin farko da igiyar awo mai nauyi, kada a amince da kusurwar tsohon ɗaki. Bakuna su taɓa juna ba tare da hawa ba. A ba ta aƙalla awa 24 kafin fenti, mai kauri ko a ɗaki mai sanyi awa 48. Akwai kuma irin da ba ta buɗewa, wadda bango ake shafa wa gam a ɗora ta a bushe. Ta fi sauƙi ga wanda bai saba ba.

Tabo da share fage

Tabon ruwa, na hayaƙin taba, da na kunkunniya a jikin bututun murhu duk suna narkewa cikin fentin ruwa su hudo sama. Shafi biyar ma ba zai hana ba. A rufe su da share fage na shelak, irin Zinsser B-I-N, shafi ɗaya ko biyu, a wuce bakin tabon kaɗan. Yana bushewa cikin ƙasa da awa ɗaya, warinsa na da ƙarfi, a buɗe taga, kuma da sifirit ake wanke burushinsa.

Duk inda aka sa fila ma sai an share masa fage. Fila ta fi takarda da tsohon fenti shan ruwa, in aka bi ta da fenti kai tsaye za ta fito a matsayin faci marar haske ko mai wani haske dabam, musamman in an kalli bango daga gefe. A shafa mata fentin da aka tsinka da ruwa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, da ƙaramar rola ba burushi ba, don fatar wurin ta yi kama da ta sauran bangon. In facin ya yi yawa har bango ya zama dabbare-dabbare, a share wa bangon fage gaba ɗaya. In tsohon fentin mai sheƙi ne, a ɗan kashe sheƙinsa da lamba 180 don sabon ya sami abin kamawa.

Ruwa-ruwan shafin farko da ake yi wa sabuwar filasta ba na takarda ba ne. Sabuwar takarda ruwa kashi 10 cikin ɗari ya ishe ta, ko ma a shafa yadda fentin ya zo.

Zaɓen fenti da lissafinsa

A bango marar daidaito, sheƙi abokin gaba ne. Fenti mai sheƙi yana mayar da haske ta fuska ɗaya, kowane tudu sai ya yi walƙiya kowane kwari ya yi duhu. Marar sheƙi yana watsa hasken, lanƙwasar ta ɓace. A nemi mafi mutuwar haske da za a samu. Ga zaure, matattakala ko ɗakin yara akwai marar sheƙi mai jure wanki. In bangon na farar ƙasa ne kuma na waje ne, ba mai rata a tsakiya ba, fenti mai barin tururi ya fita, kamar na yumɓu, ya fi wanda roba ta yi masa yawa. Fitila ma tana da hannu a ciki: wadda aka kafa a jikin bango tana haska shi daga sama ko ƙasa aikin tocilar nan take yi kowane dare.

Lita ɗaya ta fentin ruwa tana rufe kamar murabba'in mita 12 zuwa 14 a bango mai santsi, sabuwar takarda kuma ta fi haka sha. Ɗauki ɗaki mai mita 4 da mita 3.5, tsayinsa mita 2.7. Kewayensa mita 15, a ninka da tsayi ya ba da 40.5. A cire kamar 4.5 na ƙofa da taga, saura 36. Shafi biyu 72 kenan, a raba da 12, lita 6. A ƙara lita ɗaya saboda shan takarda da gyaran baya. In gwangwani ya fi ɗaya, a juye su a babban bokiti a gauraya, domin launi kan ɗan bambanta daga gwangwani zuwa gwangwani.

Shafawa

Silin ake fara yi, sannan bango, katako a ƙarshe. Ɗakin kada sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 10, kada kuma a kunna abin ɗumama ɗaki kusa da bango ko a bar iska mai ƙarfi tana kaɗawa; bushewar gaggawa tana jan gaɓoɓi su buɗe.

Rola ta santimita 23 mai matsakaicin gashi, milimita 10 zuwa 12, ita ta dace. Gajeren gashi yana tsallake kwari, dogo kuma yana barin ƙurji. A sa mata sanda, hannu ya fi daidaita nauyi da ita. Burushi na santimita 5 don gefuna.

A yi bango ɗaya-ɗaya: a zagaye gefunansa da burushi, a bi da rola tun gefen bai bushe ba, a matsa da rolar kusa da kusurwa iyakar iyawa. In aka zagaye ɗakin duka sannan aka dawo da rola, gefen zai fito kamar firam. A fara daga wajen taga ana nisa da ita. A ɗebi fenti sosai, a baje a faɗin kamar mita ɗaya daga sama har ƙasa, sannan a bi da rolar ba tare da ƙarin fenti ba, daga sama zuwa ƙasa, da sauƙin hannu, kowane ja yana ɗan hawa na baya. Kada a matse rola don a tatse ta, gefunanta za su bar layi. Kada kuma a koma kan wurin da ya fara bushewa. In ka hango inda ka tsallake, shafi na biyu zai kama shi.

Layin da ke tsakanin bango da silin a tsohon gida ba ya miƙewa. In ka bi kusurwar da gaskiya, layin launi zai yi ta hawa da sauka. Dabarar ita ce a sauko da farin silin kan bango kaɗan, sannan a ja layin launin bango a miƙe, milimita 2 ko 3 ƙasa da kusurwar. Daga ƙasa ido miƙaƙƙen layin zai gani. In za a sa tef, a sa mai sauƙin manne, a cire shi tun fenti bai gama ƙagewa ba, a ja shi a hankali a karkace. Tef mai ƙarfi yana tafiya da fatar takarda.

Bayan shafin farko kana iya ganin bororo sun taso a wuraren da da babu. Kada ka taɓa su. Ruwan fenti ne ya buɗe takardar, yawancinsu za su kwanta da kansu in ta bushe. A bar bangon ya kwana ko da gwangwani ya ce awa 2 zuwa 4 sun isa, domin takarda ta fi filasta riƙe ruwa. Wanda bai kwanta ba da safe a tsaga shi a sa gam kamar yadda aka bayyana. Shafin farko kuma yana fito da ƙananan ramuka da gefunan da suka ɓuya a cikin dabbare-dabbaren gyara. A cike su, a goge, a taɓa su da fenti, su bushe, sannan a yi shafi na biyu ba tare da an tsinka ba. Launi mai duhu a kan fari, ko fari a kan mai duhu, yakan nemi na uku.

Fentin ruwa yana bushewa a taɓa cikin awoyi, amma sai ya yi mako biyu zuwa huɗu kafin ya gama ƙarfi. A wannan tsakani kada a wanke shi, kada a jingina masa kaya. A ajiye ragowar fentin a ƙaramin gwangwani mai murfi sosai, a rubuta sunan launi da ɗakin a jiki. In gaɓa ta ɗan buɗe bayan lokacin sanyi ko na zafi ya juya, abin da tsofaffin gine-gine kan yi, fila mai laushi da ƙaramar rola sun isa. A taɓa wurin da rola irin wadda aka yi aikin da ita, domin facin burushi a kan aikin rola yana nunawa.